Murjanin Gwaggo Tasallah

Na dawo Jos da gishiri a kunnuwana,
da yashi a gindin jaka
wanda na kakkaɓe sau uku ya ƙi fita.
Sanyin Gangare ya tare ni tun daga zaure.
Gwaggo Tasallah na bakin murhu tana juya gwate,
ba ta ɗago ba ta ce,
"To, 'yar ruwa, me kika gano?"

Gwaggo, awa huɗu muka yi a kwale-kwale
har ƙasa ta gaji ta daina bin mu.
Tsibirin bai fi filin Polo ba.
Babu rijiya, babu mai shayi, babu ladan.
Tsuntsaye ne masu gari,
sun zube ƙwai a ƙasa kamar tumatir a Farin Gada,
sai mun nemi hanya a wurinsu.
Da dare ƙaguwa ta sace mini takalmi ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Ɓarawo ko a teku."

Da safe Mwinyi, mai jirgin, ya ba ni gilashin fuska
da bututun da ake cizawa.
Ya ce, kwanta, kada ki yi kokawa,
ruwa ba ya son mai gardama.
Ni da aka hana leƙa kududdufin kuza
tun ranar da ya haɗiye Dalyop ɗan ajinmu,
na kifa fuskata.

Na fara jin numfashina,
shi kaɗai, kamar na wani yana barci kusa da ni.
Sannan gari ya buɗe a ƙasa:
duwatsun Shere ne aka nutsar,
aka yi musu lalle, aka yi musu shuni.
Kifaye rawaya sun wuce a jere ba su gaishe ni ba.
Wani mai bakin aku yana ƙwanƙwasar dutse,
ina jin ƙarar haƙorinsa.
Kififiya ta taso, tsohuwa, ba ta sauri,
ta dube ni irin kallon da kike wa mai bashi,
ta shaƙi iska, ta koma.

Kuma Gwaggo, dutsen nan ba dutse ba ne.
Rai gare shi. Yana ci, yana gini.
Dangin abin da ke wuyanki ne.

Muciya ta tsaya.
Ta kai hannu ga jan murjaninta,
wanda Baffa ya sayo da kuɗin kuzar wata bakwai,
shekarar da kwano ya kankare masa fatar ka.
"Wannan? Rai?"

Ban so in faɗa mata sauran ba, amma na faɗa:
a bayan tsibirin akwai unguwar da ta yi fari fat,
kamar ƙashin da kare ya gama da shi.
Mwinyi ya ce ruwa ne ya yi zafi.
A can ko kifi ɗaya ban gani ba,
sai inuwata tana bi ta kai.

Gwaggo ta daɗe tana kallon wuta.
Ta ce, "Na san irin wurin.
Je ki Bukuru ki ga inda aka kwashe aka tafi."

Gwate ya kama, ba ta kula ba.
Ta kwance igiyar da haƙori,
ta ɗebo ruwa a kwanon sha,
ta barbaɗa gishiri, ta ɗanɗana, ta ƙara,
ta saka murjanin a ciki.

Na ce, Gwaggo, ai ba zai tashi ba.

Ta ce, "Na sani.
Shekara arba'in yana shan zufata.
Bar shi ya kwana a gida yau."